Idan mutum ɗaya ya rage iskar kabon da yake fitarwa, me zai canza?

Abu_Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ina fata masu ilimin abin za su warware mini ita. Duk lokacin da aka yi maganar sauyin yanayi, sai a ce kowa ya rage sawun kabon ɗinsa, wato jimillar iskar da ke ɗumama duniya wadda ake fitarwa saboda yadda mutum yake gudanar da rayuwarsa. Abu biyu ne na kasa fahimta. Ta yaya ake auna wannan iska alhali ba a ganinta? Sannan idan ni kaɗai na kashe ƙwan lantarki ko na rage hawa mota, me hakan zai sauya, tunda masana'antu da tashoshin wuta na manyan ƙasashe ba su fasa aiki ba? Ina so in san ko da gaske akwai amfani, ko kuwa ana ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba ne.

MalaminKimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Khadija. Zan ɗauki tambayar farko, domin ita ce mai sauƙin amsawa. Ba a kama iskar a ɗora ta a kan sikeli, daga abin da aka ƙona ake yin lissafi, tunda an san adadin kabon da ke cikin kowane irin makamashi. Lita ɗaya ta fetur nauyinta kusan giram 750 ne, amma idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid, lita ɗaya ta dizal kuma kimanin kilo 2.7. Mutane kan yi mamakin yadda abin da ya fito ya fi abin da aka zuba nauyi. Dalili shi ne kowace ƙwayar kabon mai nauyi 12 tana haɗuwa da ƙwayoyin oksijin biyu daga iskar da muke shaƙa, masu nauyi 32, sai jimilla ta zama 44, ka ga nauyin ya ninka fiye da sau uku da rabi.

Daga nan lissafin na kowa ne. Motar da ke shan lita 8 a kowane kilomita 100, idan ta yi tafiyar kilomita 10,000 a shekara ta ƙona lita 800, wato ta fitar da kilo 1,840, kusan tan biyu ke nan. Haka ake bi da wutar lantarki da abinci da kayan da ake saya, sai dai a can lissafin ya fi sarƙaƙiya, saboda sai an bi sawun abin tun daga gona ko masana'anta.

Direban_Dogon_Zango:
Malam, ina da ja a nan. Motar da nake tuƙawa ina kula da injinta sosai, ko farin ƙyalle ka kara a bakin salansa ba za ka ga baƙi ba. Ta yaya za a ce ni da mai tsohuwar motar da ke turnuƙe hanya da hayaƙi laifinmu ɗaya?

MalaminKimiyya:
Malam Direba, baƙin hayaƙin da ido ke gani burbushin man da bai gama ƙonewa ba ne, kuma illarsa ta fi yawa ga huhun mutanen da ke shaƙarsa. Kabon dayoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, kuma injin da ya fi kowane lafiya shi ne ke mayar da kusan dukkan kabon ɗin mai zuwa wannan iska. Kula da inji yana taimakawa ta hanya ɗaya, wato idan ya sa motar ta sha mai kaɗan. Saboda haka abin da za ka duba shi ne lita nawa ka zuba, ita ce ma'aunin. Cika iskar taya yadda ya dace, da daina barin mota a kunne ana jira, da rage gudun da ya wuce kima, duk suna rage litar.

Sarkin_Shakka:
Ni tambaya ta biyu ce ta dame ni, kuma ina ganin Abu Khadija ya taɓo gaskiya. Mutane da yawa ba su san cewa kamfanin mai na BP ne ya yayata wannan tunani na sawun kabon na mutum ɗaya ba, a wani gagarumin kamfen na talla a tsakiyar shekarun 2000, har da manhajar lissafi a intanet domin kowa ya auna nasa. Ku duba wannan dabara: wanda ke haƙo man shi ne ke cewa mai saye ya binciki kansa. Sannan rahoton Carbon Majors na 2017 ya nuna cewa kamfanoni 100 masu haƙar mai da gas da kwal suna da alaƙa da kashi 71 cikin ɗari na iskar da masana'antu suka fitar tun daga 1988. Bayan wannan, a zo a ce mini in cire cajar waya daga soket domin ceton duniya? Ban yarda ba.

Ummu_Hanan:
Malam Sarkin Shakka, tarihin da ka kawo gaskiya ne, amma hukuncin da ka yanke ya wuce hujjar. Tunanin auna nauyin da rayuwar ɗan'adam ke ɗora wa muhalli ya girmi tallan BP, domin William Rees da Mathis Wackernagel sun tsara shi tun a shekarun 1990 a jami'ar British Columbia da ke Kanada. Don wani ya yi amfani da ma'auni saboda son zuciyarsa, hakan bai mayar da ma'aunin ƙarya ba. Sannan a cikin kashi 71 ɗin nan, mafi yawansa iskar da ta fito ce lokacin da masu saye suka ƙona man da kamfanonin suka sayar. Wato man da ke cikin tankin motata yana cikin lissafin nasu. Ba za a iya raba mai sayarwa da mai saye a ce ɗaya ne kaɗai ke da hannu ba, ko da yake na yarda cewa ƙarfinsu na sauya lamarin ba ɗaya ba ne.

Sarkin_Shakka:
Hajiya, ƙarshen maganarki ita ce maganata. Ƙarfin ba ɗaya ba ne. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, jirage suka tsaya, hanyoyi suka zama fayau, amma iskar kabon da aka fitar a shekarar ta ragu ne da kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari kawai, kuma a shekarar da ta biyo baya ta koma gidan jiya. Idan zaman gida na biliyoyin mutane iyakacin abin da ya iya ke nan, to matsalar tana cikin tsarin samar da wuta da ƙera kaya da sufuri, kuma wannan aikin gwamnatoci ne.

Mai_Nazarin_Alƙaluma:
Ina ganin kafin a ci gaba ya kamata a tambayi wane mutum ɗaya ake magana a kansa, domin mutane ba daidai suke ba. Duniya tana fitar da kimanin tan biliyan 37 na kabon dayoksaid a shekara daga mai da gas da kwal da siminti, wanda idan aka raba wa kowa zai kama tsakanin tan 4 da 5. Amma matsakaicin ɗan Amurka yana kusa da tan 14, na Qatar ya haura 30, alhali a ƙasashe da dama na Afirka kudu da Sahara bai kai tan ɗaya ba. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na jimillar ba. Ko a cikin ƙasa ɗaya ma tazarar tana da faɗi. Ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa a 2019 kashi 1 cikin ɗari na mutanen da suka fi kowa dukiya sun jawo kashi 16 na iskar, daidai da abin da kashi biyu cikin uku mafiya talauci na al'ummar duniya suka jawo, kuma kashi 10 na sama su ne ke da rabin jimillar.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne tambayar Abu Khadija ba ta da amsa guda. Wanda ba shi da mota, ba ya hawa jirgi, kuma wutar da yake sha ba ta wuce ta fitila da fanka ba, babu wani abin kirki da zai rage, kuma zalunci ne a sa shi jin kunya. Amma mai motoci biyu da na'urar sanyaya ɗaki a kowane ɗaki, wanda ke yawan tafiya ta sama, ko a wace ƙasa yake zaune, maganar da shi ake yi.

Hajiya_Mai_Lambu:
Gaskiya ne. Ni dai abin da nake ƙoƙari a kai shi ne sayen abincin da aka noma kusa, don a rage dakon da ake yi daga nesa.

Injiniya_Noma:
Hajiya, niyyarki tana da kyau kuma manoman kusa za su amfana, sai dai ta fuskar iskar kabon, dako ƙaramin abu ne a harkar abinci. Babban binciken da Joseph Poore da Thomas Nemecek suka wallafa a mujallar Science a 2018 ya nuna cewa samar da abinci yana da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na iskar da ke ɗumama duniya, amma sufuri bai wuce kashi 6 cikin ɗari na wannan kason ba. Irin abincin ya fi nisan da ya yi muhimmanci. Kilo ɗaya na naman sa yana jawo gomman kilo na iska mai ɗumama duniya, na kaza bai wuce kilo 10 ba, wake da danginsa kuwa kilo ɗaya ne zuwa biyu.

Dalilin yana cikin cikin dabbar. Shanu da tumaki da awaki masu tuƙa ne, ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa a tumbinsu suna samar da iskar metan, wadda dabbar ke fitarwa ta hanyar gyatsa. Metan ba ta daɗewa a sararin samaniya, kimanin shekara 12 take yi, amma a tsawon shekara ɗari ƙarfin riƙe zafinta ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 28, a tsawon shekara ashirin kuma kusan sau 80. Gonar shinkafar da ruwa ya kwanta a cikinta ita ma tana fitar da metan, takin zamani kuma yana sakin wata iska da ta fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ɗan_Makiyayi:
Injiniya, a yi adalci. Kada a haɗa kiwon da ake sare daji dominsa, kamar yadda ake yi a yankin Amazon na Brazil, da kiwon mutumin da ke kora dabbobinsa a busasshiyar ƙasar da ba ta noma komai. Wancan ya rushe itatuwan da suka tara kabon shekaru aru-aru, wannan kuwa yana mayar da ciyawar da ɗan'adam ba ya ci ta zama nono da nama. Kuma akwai miliyoyin yara a duniya da rashin nama da madara ne ke hana su girma. Ba zan so a ce musu su rage abin da ma ba su samu ba.

Injiniya_Noma:
Na yarda da kai a kan sare daji, shi ya sa alƙaluman naman sa suke bambanta sosai daga wuri zuwa wuri. Amma metan dai saniya tana fitar da ita ko a ina take kiwo, kuma dabbar da ba ta samun isasshen abinci takan daɗe kafin ta girma, don haka iskar da ke kan kowane kilo na namanta takan yi yawa. Maganar ragewa ta shafi wanda ke cin nama safe da rana da dare ne. Akwai kuma abin da na tabbata ba za mu yi saɓani a kansa ba, wato almubazzaranci. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa yana lalacewa ko a zubar da shi. Abincin da aka zubar ya tafi da taki da man ban ruwa da dakon da aka kashe a kansa, sannan idan ya ruɓe a ƙarƙashin tarin shara ya sake fitar da metan.

Ummu_Hanan:
Tunda an shiga madafa, ina da tambaya. An ce gas ma daga ƙasa ake haƙo shi kamar fetur. To mai girki da itace ko gawayi bai fi mai gas ba, tunda itace yana sake tsirowa?

Jami'ar_Lafiya:
Yaya Ummu Hanan, hakan zai zama gaskiya ne idan ana dasa itatuwa daidai da yadda ake sarewa, kuma a wurare da yawa ba haka abin yake ba. Murhun duwatsu uku yana ɓarnar mafi yawan zafin, harshen wutar yana fita ta gefen tukunya yana dumama iska kawai. Gawayi kuma ya fi muni ta wannan fuska, domin sai an ƙona kilo da dama na itace a rami kafin a samu kilo ɗaya. Ni a wurin aikina ta wata fuskar nake ganin abin: uwa ta zo da tari da jajayen idanu, jaririn da take goye da shi a bakin murhu yana numfashi da ƙyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iskar cikin gida tana hallaka mutane kimanin miliyan 3 a shekara. Don haka iyalin da suka koma gas ko ingantaccen murhu, ba zan taɓa ce musu sun yi wa muhalli laifi ba. Rufe tukunya da jiƙa wake kafin a ɗora shi ma suna rage makamashi, ko da me ake girkin.

Matashi_Mai_Sola:
Ni ban ga dalilin wahalar da kai ba. Mutum ya yi rayuwarsa, ya dasa bishiyoyi su shanye abin da ya fitar, shi ke nan.

MalaminKimiyya:
Dasa bishiya alheri ne, tana ba da inuwa, tana riƙe ƙasa, tana rage zafin unguwa, amma ba ta goge lissafin da sauƙi haka. Man da ka ƙona yau ya saki kabon ɗinsa yau, ita kuwa bishiya sai ta yi shekaru tana girma kafin ta tara abin a-zo-a-gani, kuma ranar da aka sare ta aka ƙona, ko gobara ta cinye ta, duk abin da ta tara ya koma sama. Wani kaso na kabon dayoksaid yana zama a sararin samaniya ɗaruruwan shekaru. Kafin zamanin masana'antu yawanta ya kai kimanin kashi 280 a cikin kashi miliyan ɗaya na iskar sararin samaniya, lokacin da Charles Keeling ya fara awo a tsaunin Mauna Loa na Hawaii a 1958 ya tarar da kusan 315, yanzu kuma ta haura 420. Abin ya yi kama da randa da ake zuba wa ruwa da bokiti ana kwasa da ludayi, dole a fara rage zubawar.

Matashi_Mai_Sola:
Na ji, Malam. To amma sola fa? Na sa faranta a rufin gida kuma janareta ya koma ajiya. Wannan dai ba za a ce ba komai ba ne.

Injiniyan_Lantarki:
Wannan kam babban abu ne, musamman tunda janareta ka maye gurbinsa, domin ƙaramin janareta yana cikin hanyoyin da suka fi ɓarnar mai wajen samar da wuta. Ƙera farantan yana cin makamashi, amma a 'yan shekarun farko suke biyan wannan bashi, alhali suna aiki shekara ashirin da biyar ko fiye, kuma farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Abin da nake so jama'a su gane shi ne yunit ɗin lantarki ba ɗaya ba ne a ko'ina. Wanda aka samar da kwal yana fitar da kusan kilo ɗaya na kabon dayoksaid, na gas kusan rabin haka, na ruwa da iska da rana da nukiliya kuwa ɗan kaɗan ne. Shi ya sa motar lantarki a Norway, inda madatsun ruwa ke ba da wuta, ko a Faransa mai tashoshin nukiliya, ta fi irinta a Poland ko Afirka ta Kudu tsabta, tunda su kwal suka fi dogara da shi.

A cikin gida, duk abin da ke ɗumamawa ko sanyayawa shi ne ke shan wuta: na'urar sanyaya ɗaki, da hita, da dutsen guga, da firji. Cajar wayar da Sarkin Shakka ya ambata ba ta kai a yi maganarta ba, a nan yana da gaskiya. Ƙwan LED yana shan ƙasa da rubu'in abin da tsohon ƙwai mai zare ke sha. Sannan ga wani abu da ake mantawa. Na sha ganin mai gyaran na'urar sanyi ya kwance bututu ya bar gas ɗin yana huci har ya ƙare, sai ya yi sabon ɗuri. Wasu daga cikin waɗannan gas ɗin sun ninka kabon dayoksaid kusan sau dubu biyu wajen riƙe zafi, dalilin da ya sa ƙasashe suka amince a Kigali a 2016 su rage amfani da su. Mai na'ura yana da ikon cewa a nemo inda take yoyo a toshe, maimakon ɗuri a kai a kai.

Hajiya_Mai_Lambu:
Ban taɓa sanin wannan na gas ɗin ba. Allah ya ƙara ilimi, Injiniya.

Mai_Nazarin_Alƙaluma:
Ba a taɓo jirgin sama sosai ba. Kasonsa a duniya kimanin kashi 2.5 cikin ɗari ne na kabon dayoksaid, sai a ga kamar kaɗan ne, amma hakan ya faru ne saboda mafi yawan mutanen duniya ba sa hawansa. Ga wanda ke hawa, tafiya ɗaya zuwa wata nahiya da dawowa tana iya haura tan ɗaya, wato fiye da abin da wani ke fitarwa a shekara cur. Haka kuma kayan da ake saya: mafi yawan iskar da ke kan wayar salula an riga an fitar da ita a wurin ƙerawa tun kafin a buɗe kwalinta, don haka wanda ya riƙe wayarsa shekara huɗu ya fi mai sauyawa duk shekara biyu, ko yaya yake caji.

Abu_Khadija:
Na gode ƙwarai, jama'a. Tambayar farko ta warware, har na ɗauki rasidan mai da na wuta zan yi nawa lissafin. Amma ta biyu tana nan. Ko da na rage tan ɗaya, a cikin tan biliyan 37 ai ba a ma san an yi ba.

Ummu_Hanan:
Haka ne idan kai kaɗai ne, amma ba wanda ke rayuwa shi kaɗai. Maƙwabcin da ya ga sola a rufinka yakan zo ya tambayi yadda aka yi, mai sayarwa ya ga ciniki ya ƙaro kaya, mai gyara ya koyi aikin. Faɗuwar farashin da Injiniyan Lantarki ya ambata ta samu ne saboda gwamnatoci irin na Jamus da Sin sun tallafa, kuma miliyoyin mutane sun saya. Kowane ɓangare ya ja ɗaya.

Sarkin_Shakka:
Hajiya, ki lura da wanda ya fara a misalinki, gwamnati ce. Mutumin da babu motar haya mai kyau a garinsa dole ya hau tasa, wanda babu wuta a layinsa dole ya tayar da janareta, kuma simintin da ke da kusan kashi 8 cikin ɗari na kabon dayoksaid na duniya ba magidanci ne ke zaɓar yadda ake gasa shi ba. Ƙasashe sun amince a Paris a 2015 cewa za su riƙe ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2, su yi ƙoƙarin tsayar da ita a 1.5. Ni lokacina gara in kashe shi wajen tambayar shugabanni ina alƙawarin ya kwana.

Direban_Dogon_Zango:
Ni dai tun da Malam ya ce lita ce ma'auni na ga inda abin ya shafe ni, domin man da ban ƙona ba kuɗinsa yana aljihuna, ko duniya ta amfana ko ba ta amfana ba. Tambayata ga Injiniyan Lantarki ita ce, motar da ke haɗa inji da batir, ita ma sai an duba daga ina wutar ƙasa take fitowa, ko kuwa ita da kanta take cajin batirinta?

Injiniyan_Lantarki:
Iri biyu ne, Malam Direba. Akwai wadda ba a jona ta da soket, tana cajin batirinta daga injin da kuma ƙarfin da take tarawa lokacin taka birki, ita ba ruwanta da wutar ƙasa, kuma ribarta ta fi fitowa a cikin gari inda ake yawan tsayawa da tashi. A doguwar hanya irin taka, inda ake tafiya da gudu ɗaya na sa'o'i, bambancinta da mota mai ƙaramin inji ba shi da yawa. Ɗaya irin kuma ana jona ta, ita ce sai an duba tushen wutar, kuma sai mai ita yana cajin ta da gaske, in ba haka ba nauyin batir kawai yake dako.